Na yi tambaya kan juyin halitta, aka ce rigima na zo nema. Ku ya kuka yi?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun muna sakandare wata tambaya take cina: in mutum daga biri ya fito, me ya sa har yau ga birai nan? Makon jiya na daure na rubuta ta a intanet, inda masu karatun kimiyya suke. Wallahi sani kawai nake nema. Ba a yi minti goma ba wani ya ce in koma firamare, wani ya liƙa hoton dariya, wani ya ce sun gaji da irinmu. Na goge ta jikina a sanyaye. Da na kai wa abokaina kuma, sai suka ce me ya kai ni irin wannan tambaya, ko imanina ne ya fara rawa? Can an kore ni, nan an tuhume ni. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ya yi.

Malamar Bayoloji: Wa'alaikumus salam ƙanina, sannu. Bari in fara ba ka amsar da aka hana ka. Ka'idar juyin halitta ba ta ce mutum ya fito daga biran da kake gani yau ba. Abin da masanan suka ce shi ne mutum da cimfanzi, wani nau'in babban biri, kaka ɗaya suka haɗa, wanda ya rayu shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, daga nan zuriyar ta rabu biyu. Kamar 'ya'yan wa da ƙani ne: kasancewarka ba ta hana ɗan baffanka kasancewa.

Matsalar ita ce, wannan tambaya da waɗannan kalmomin, mutane da yawa suna jefa ta ne don su ƙure, ba sa tsayawa jin amsa. Masu amsawa sun ji ta har ta gundure su, sai su haɗa mai gaskiya da mai tarko su yi musu kuɗin goro. Ba na kare su, domin ni ma na taɓa yi. Wani yaro ya yi mini ita a aji, na ce ba mu da lokacin wasa. Har zangon ya ƙare bai sake ɗaga hannu ba. Har yau abin yana damuna.

Baban Yara Biyu: Ni sikila ce ta kai ni. Ni AS, matata AS, ɗanmu na biyu SS. Wani dare muna asibiti, yana kukan ciwon ƙashi ina riƙe da hannunsa da ke da robar ƙarin ruwa, na ɗauko waya na rubuta: in gaskiya ne halitta tana tace abin da ke cutarwa, ya aka yi wannan cuta ba ta ɓace ba? Da farko a taƙaice na jefa ta, ba wanda ya kula ni sai mutum ɗaya da ya ce in je in yi karatu. Washegari na sake rubutawa. Na faɗi abin da na karanta, abin da na fahimta, da daidai inda na maƙale, na kuma ce ɗana ne ke fama. Sai ga wata ta zauna ta warware mini: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka a inda zazzaɓin ya yi yawa masu AS sun fi tsira har su haifi 'ya'ya, ƙwayar gadon kuwa ta ci gaba da yawo. Ta ce Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a 1954, bayan bincikensa a gabashin Afirka. Ciwon ɗana bai ragu ba, amma a ranar na daina jin kamar abin ya faɗo mana ne haka kawai ba dalili.

Ɗalibar Likitanci: Yaya, Allah Ya ba shi lafiya. Amma fa ba kullum gyara tambaya ke aiki ba. Ni da ladabina na tambaya: mutum kuromosom 46 gare shi, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin ƙwayar halitta, cimfanzi 48, ina biyun suka shiga? Duk da haka wani ya ce wa'azi na zo yi. Mutum ɗaya ne ya biyo ni ta saƙo ya ce in duba kuromosom na 2. Ashe guda biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya, har ana ganin jerin DNA irin na ƙarshen kuromosom a tsakiyarsa, wurin haɗin. A 1991 aka wallafa wannan. Tun daga nan ba na ɓata lokaci da masu izgili, mutum ɗayan nan nake jira.

Dattijo: Ɗana, tambaya biyu kake ɗauke da su. Me masana kimiyya suka ce, wace hujja gare su? Wannan a wurinsu za ka nema. Ya zan ajiye wannan a gefen imanina? Wannan ka kai wa malami mai haƙuri wanda ya san me ka'idar ta ce. Ni da na cuɗe su wuri ɗaya, kowane ɓangare ya ɗauka na zo kare ɗayan ne.

Mai Neman Sani: Na gode Baba, na gode Malama da Yaya. Jiya na sake rubutawa yadda Yaya ya yi, na ce na gane batun kaka ɗaya, amma ina ƙasusuwan da ke nuna hakan? Mutum biyu sun yi izgili, ban tanka musu ba. Na uku ya ambata mini Lusi, wata daga cikin dangin mutum na dā da aka tono ƙasusuwanta a Habasha a 1974, mai shekara kusan miliyan 3.2, da wani ƙoƙon kai da aka sa wa suna Tumai, wanda aka samu a hamadar Chadi a 2001, mai kusan miliyan 7. Yanzu abin da ya tsaya mini shi ne yadda ake gane shekarun ƙashi. Malama, in kina da lokaci, ki fara mini daga nan.