Shin allurar dussa tana kare yaro daga wasu cututtuka ma?

Maman Ibro, Tahoua:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Akwai ɗan yayata da nike riƙo, shekararsa uku, an kawo mini shi daga ƙauye ba karnen rigakafi. A bazarar da ta wuce ya yi dussa, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga nan bai koma daidai ba: yau zawo, gobe tari, kunne na ruwa, ya rame. Yanzu nawa yaron ya cika wata tara, lokacin allurar dussa ya yi. Uwar mijina ta ce dussa baƙo ce da kowane yaro ke yi, allura zazzaɓi kawai take sawa, a bar shi. A likita kuma wata malama ta ce mini allurar ba dussa kaɗai take tarewa ba. Gaskiya ne, ko lallashina take? Kuma yaya zan yi da tsohuwa ba tare da na saɓa mata ba?

Malam Issoufou, majo mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Gaskiya ta faɗa miki, kuma amsar tana cikin gidanki. Jikin yaro yana riƙe da shaidar kowace cuta da ya taɓa yi ko aka yi masa rigakafinta, shi ya sa in ta dawo yake gane ta. Ƙwayar dussa ainihin ƙwayoyin jinin da ke riƙe da wannan shaida take kamawa. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an auna jinin yara a ƙasar Holan kafin su yi dussa da bayanta, aka ga sun rasa daga kashi 11 har zuwa 73 cikin ɗari na kariyar da suka tara. Raunin yana iya ɗaukar shekara biyu zuwa uku. Allurar kuwa ba ta goge komi. Saboda haka yaron da bai yi dussa ba ya tsira daga gare ta, ya kuma tsira daga zawo da ciwon haƙarƙari da ke bin bayanta, su ne ma suka fi kashewa. Ga tamowa, ga makanta, don dussa tana ƙarar da bitamin A. Ki kai ɗan riƙon a auna damtsensa, a duba kunnen, a buɗe masa karne. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata, kada ki ja da uwar miji, ba ki cin riba. Su sun ga zamanin da dussa ke shiga gari ta kwashi yara, ki tambaye ta da ladabi nawa ta sani da suka tafi, za ta faɗa miki da bakinta. Maigida ya kira ta ko yana ci-rani. In ta yarda ku tafi likita tare, ita ta riƙe jikanta.

Abdoul-Aziz, Yamai:
In ƙara kan na Baba majo. A Gine Bisau, wani mai bincike, Peter Aaby, da abokan aikinsa na cibiyar binciken lafiya ta Bandim suna bin lafiyar yara tun 1978, sun ga bayan fara allurar dussa mutuwar yara ta ragu fiye da abin da dussa kaɗai ke kashewa. Sun ga alamar haka ga BCG ma, allurar tarin fuka da ake yi ranar haihuwa, wadda an tabbatar tana ba da wata kariya daga kuturta bayan tarin fuka. Hukumar lafiya ta duniya ta duba batun a 2014, ta ce a ci gaba da bincike, a kuma ci gaba da bin jadawalin yadda yake. Don haka kada mu ce wa mutane allura maganin komi ce. Wanda aka yi wa zai yi mura, zai yi masassara in ba gidan sauro. In muka yi alkawarin da ya wuce gaskiya, ranar da yaro ya yi tari sai a ce ƙarya muka yi.

Maman Nafissa:
Ni abin da na gani shi ne kuɗi. Maƙwabciyata bayan dussa ta sha sayen magani, sana'arta ta tsaya tana jinya. Allurar kyauta ce.

Maman Ibro:
Allah ya saka da alheri. Baba majo, zazzaɓin da Inna ke tsoro fa?

Malam Issoufou:
Wasu yara suna yinsa, ba duka ba, yakan zo bayan kamar mako guda, wani lokaci da 'yan ƙuraje, ya wuce cikin kwana biyu ko uku. Ki gaya wa Inna tun kafin ya zo, don kada ta ce ga abin da ta faɗa. Ki ci gaba da ba shi nono, ki tambayi malamar adadin parasitamol da ya dace da nauyinsa. In jikin ya yi zafi ƙwarai, ko ya ƙi mama, ko ya yi taune-taune, ku koma likita nan take. Kuma ki sa ta rubuta miki ranar allura ta biyu a karne, don guda ɗaya ba ta kama kowane yaro.