Fijo 504: ƙira ce ta ɗaukaka ta, ko gatan gwamnati?

Malamin Makaranta: Assalamu alaikum. Ni dai ina kan bakana: ba ƙira ce ta ba 504 sarauta a Najeriya ba, gata ta samu. PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara haɗa ta a Kaduna a 1975, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mayar da ita motar manyan ma'aikata. Duk motar da aka yi wa wannan gata sai ta cika titi.

Tsohon Direba: Wa'alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma ban yarda ba. Shekara goma sha huɗu na yi ina lodi daga Kano zuwa Maiduguri da 504 mai kujera layi uku, fasinja cike, buhuna a baya. Gwamnati ce ta sa ni na saya? Da guminna na saya, don ta san gargada.

Malamin Makaranta: Baba, ai ba don hanyoyinmu aka zana ta ba. Gidan ƙira na Pininfarina a Italiya ya fitar da siffarta, aka ƙaddamar da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Don Bature aka yi ta.

Bakanike: Malam, siffa daban, ƙashi daban. Ni da nake kwana a ƙarƙashinta na sani. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, safirin ɗinta kuma na da doguwar tafiya, shi ya sa take shanye rami ba ta girgiza mutum. Injin ba wata kwamfuta, da sifana da sukundireba sai a tashe ta a bakin daji. Kuma a 1975 ita ta ci tseren Safari na Kenya. Can wa ya yi mata gata?

Hajiya: Ku ƙyale ni in sa baki. Ranar da mahaifinmu ya shigo unguwa da farar 504, maƙwabta har gida suka zo yi masa barka. A cikinta aka kai ni ɗakin miji. Mutunci ne a lokacin, kuma ina ganin Malam na da gaskiya a nan: ganinta a ƙofar sakatariya ne ya sa kowa ke sha'awarta.

Tsohon Direba: Ranki ya daɗe, sha'awa na sa a saya, ba ta sa a riƙe. Ita ma Volkswagen Beetle an haɗa ta a Legas a wancan lokacin, ina take a tasha? Turai ta daina ƙera 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba fiye da shekara ashirin bayan haka.

Malamin Makaranta: To Baba, me ya sa da motocin Japan 'yan Kwatano suka shigo da araha, direbobi suka juya mata baya?

Bakanike: Shan mai, Malam. Wannan kam ba zan kare ta ba.