Neman kalma: me za mu kira HOA, masu iyakance tsayin shinge a gidajen Amurka?

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar bayani da Hausa don 'yan'uwa masu sayen gida a Amurka, kuma akwai sashe a kan masu ajiye manyan karnuka. Kalmar da ta tsaya ita ce HOA (Homeowners Association), wato masu iko da ƙa'idojin rukunin gidaje, waɗanda za su iya ce wa mutum shingensa kada ya wuce ƙafa 4. Daftarin farko ya ce "ƙungiyar masu gida". Me kuka gani?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. A cire "masu gida" tun yanzu, Malam, don jam'in maigida ne, mai karatu zai ɗauka taron magidanta ne. "Masu gidaje" kuwa kunne ya saba jin sa a kan masu ba da haya. Ina ba da shawarar "mamallaka gidaje", kuma wurin a kira shi "rukuni", kamar yadda ake cewa rukunin gidaje na Gwarinpa.

Dillaliyar gidaje:
Na yarda da mamallaka. Damuwata tana kan "ƙungiya". Bahaushe in ya ji ƙungiya, ya san abu ne na ganin dama, ka shiga in ka so, ka fita in ka gaji. Wannan ba haka take ba. Sharuɗɗanta an yi musu rajista a ofishin filaye na gunduma, suna manne da filin kansa. Ranar da ka sa hannu a takardar saye ka zama ɗan ciki, kuɗin wata ya hau kanka, ko ka karanta kundin sharuɗɗan ko ba ka karanta ba. Idan ka karya sharaɗi za a ci ka tara. A Florida doka ta ce kada tarar ta wuce dala 100 a kowace rana, jimilla kuma kada ta wuce dala 1,000, sai dai in kundin rukunin ya faɗi wani adadi, kuma dole a ba ka sanarwar kwana 14 da damar kare kanka. Kalmar da ba ta ɗauke da wannan dolen za ta cuci mai saye.

Malamin Hausa:
To Hajiya, ga "hukuma". Ba gwamnati kaɗai ke da ita ba, ai muna cewa hukumar makaranta ko da makarantar kuɗi ce.

Mai aikin shinge:
Kafin a rufe wannan, a gyara ɗaya kalmar. Kada a rubuta "katanga". Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi in ya ji katanga, bulo yake gani mai tsayin da ba a leƙa gida. A yawancin rukunonin Amurka abin da ake yi katako ne, ko roba mai kama da katako, ko sandunan ƙarfe. "Danga" da "darni" na kara ne. "Shinge" shi ya fi dacewa, sai a bi shi da abin da aka yi shi da shi: shingen katako, shingen ƙarfe, shingen waya.

Ga awon da aka fi gani. Bayan gida ƙafa 6, wato mita 1.8. Gaban gida ƙafa 3 zuwa 4, ko a hana gaba ɗaya. Gidan da ke fuskantar tafki ko filin wasan golf sau da yawa ana tsayar da shi a ƙafa 4 na sandunan ƙarfe, don kada a tare wa maƙwabta kallo. Shingen waya mai raga kuwa rukunoni da yawa sun haramta shi. Dokar gari daban take da ta rukuni, kuma wadda ta fi tsanani ita za ka bi: gari ya yarda da ƙafa 6, rukuni ya ce 4, to 4 ɗin ce taka.

Ƙafa 4 ba ta riƙe karen Jamus irin na 'yan sanda, ba ta riƙe kare jinsin Husky ko Malinois. Kare ba ya buƙatar ya tsallake shingen duka, ƙafafunsa na gaba kawai zai ɗora a saman ya ja jikinsa. Shi ya sa waya mai raga ta fi muni, don ramukanta matakala ce gare shi. Haka katakan kwance da ake kafa allunan a kansu: in suna ta cikin gida, kamar yadda rukunoni da dama ke tilastawa don kyakkyawar fuskar ta kalli waje, kare zai taka su ya hau. Ana auna tsayi daga ƙasa, saboda haka a fili mai gangare, ko inda aka ajiye kwandon shara ko tarin itace jikin shinge, ƙafa 6 ta koma 4. Kare mai tona ƙasa kuma sai an shimfiɗa waya a ƙasa daga gindin shingen zuwa ciki, kamar ƙafa 1 zuwa 2, a rufe da ƙasa ko tsakuwa.

Dillaliyar gidaje:
Injiniya ya taɓo inda abin ya fi shafar mutanenmu. Da yawa cikinmu karen gadi ne ke gare su, a waje yake kwana, ba ya shiga ɗaki. To a duba kundin da kyau, don ban da tsayin shinge akan sami hani a kan ɗakin kare a tsakar gida, da ɗaure shi da sarƙa, da iyakar nauyi, da jinsin da ba a yarda da shi ba. Wayar nan da ake binnewa mai aika wa abin wuyan kare ɗan lantarki, wasu rukunonin ita kaɗai suka amince da ita. Ni ban ga ta isa ba: babban kare in ya hango abin da yake so yakan jure zafin ya wuce, kuma ba ta hana yaro ko wani karen shigowa.

Matakan su ne, a nemi kundin sharuɗɗa da ƙa'idar gyaran gida kafin a ajiye kuɗin kafin alƙalami, ko a sa a yarjejeniya cewa sayen ya rataya a kan amincewa da su. Wasu jihohi, kamar Virginia da Florida, sun tanadi 'yan kwanaki, galibi 3, da mai saye zai iya janyewa bayan takardun sun iso hannunsa. Kada a dogara da shingen maƙwabci mai ƙafa 6, wataƙila an yi shi kafin a canza ƙa'ida. Kada kuma a dogara da maganar baki. Texas ta yi doka a 2021 da ta hana rukuni haramta shingen kewaye gida na tsaro, amma ta bar masa ikon zaɓar irin shingen.

Mai aikin shinge:
Bayan saye, a kai takardar neman izini ga kwamitin rukuni tare da taswirar awon fili, da tsayi, da launi, da kayan aiki. Kada a haƙa rami ko ɗaya sai amsa ta zo a rubuce, don shingen da ba izini ana iya sa ka rushe shi da kuɗinka. A kira lambar waya 811 kafin haƙa, su zo su nuna inda bututun gas da wayar wuta suka bi. Wannan kwamitin "kwamitin izinin gyara" ya ishe shi suna.

Mai fassara:
Na gode, Malam, Hajiya, Injiniya. Za a rubuta "hukumar mamallaka gidaje ta rukuni" a ambaton farko, daga nan "hukumar rukuni". Takardarsu "kundin sharuɗɗan rukuni". Sai "shinge" da "kwamitin izinin gyara". Haruffan HOA za su tsaya sau ɗaya a farkon sashen, don su ne mai saye zai gani a tallan gida.