Rage haraji ne ke azurta jiha? Gardama a kan jihohin Texas da Kansas na Amurka

Ɗan Houston: Ni dai ina kan bakana, jihar da ta sassauta haraji ta kuma rage wa gwamnati ƙiba ita ke ci gaba. Ku dubi Texas. Ko sisi jiha ba ta yanka a albashina, na tarayya kaɗai nake biya, kuma a 2019 sai da suka rubuta haramcin harajin albashi a kundin tsarin mulkinsu. Kalifoniya kuwa tana karɓar har kashi 13.3 cikin ɗari daga manyan masu samu. To ina aka kwana? Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta kwashe hedikwatarta daga Kalifoniya zuwa Austin, babban birnin Texas, a 2021. Bayan ƙidayar 2020 Texas ta samu ƙarin kujeru 2 a majalisar wakilai ta tarayya, Kalifoniya ta rasa 1, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Anti Malama: Ƙanena, gidan haya kake, shi ya sa bakinka ke da daɗi. Ranar da ka sayi naka, takardar harajin gida ta iso, sai ka dawo ka ba mu labari. Da shi ake riƙe makarantun Texas. Yanzu ma kana biya, mai gidanka ya cusa shi cikin kuɗin haya. Ga harajin sayayya, kashi 8.25 cikin ɗari a nan Houston ɗin taka. Mai ƙaramin albashi kusan duk abin da ya samu a kanti yake ƙarewa, saboda haka shi ne ya fi jin jiki.

Direban Tirela: Kuma a daina mantawa da mai. Texas na karɓar haraji a kan ɗanyen mai da iskar gas da ake haƙowa. Ba kowace jiha ke da rijiya a bayan gida ba.

Baba Akanta: Yauwa. To bari mu ɗauki wadda ta gwada maganar ɗana Ɗan Houston ba tare da irin wannan gata ba, wato Kansas. A 2012 Gwamna Sam Brownback, da shawarar masanin tattalin arziki Arthur Laffer, ya sauke mataki mafi girma na harajin abin da mutum ke samu daga kashi 6.45 zuwa 4.9 cikin ɗari. Sannan ya yafe harajin ribar ƙananan kamfanoni irin waɗanda ribarsu ke shiga lissafin mai su kai tsaye. An yi zaton masu shaguna ne za su amfana, sai ga mutum sama da 300,000 sun shige ta wannan ƙofa, har da lauyoyi da likitoci. Likita ba ya biya, nas ɗin da ya ɗauka aiki tana biya. An yi alkawarin kasuwa za ta buɗe har ta cike giɓin. Shiru. Kuɗin shiga ya faɗi da kusan dala miliyan 700 a shekara guda, kuma jiha ba kamar tarayya ba ce, doka ta tilasta mata daidaita kasafi. Aka riƙa ɗibar kuɗin hanya ana toshe rami, kamfanin auna ƙarfin biyan bashi na Moody's ya rage darajar bashin jihar a 2014, wasu makarantu suka tafi hutu kafin lokaci a 2015, a shekarar kuma aka ƙara harajin sayayya daga 6.15 zuwa 6.5. Wa ya soke tsarin a 2017? Majalisar jihar da 'yan jam'iyyar Brownback ta Rifablikan ke da rinjaye, duk da ya hau kujerar naƙi.

Ɗan Houston: Allah ya ƙara girma Baba, amma rabin maganata Kansas ta ɗauka. Ta rage haraji, ba ta rage kashe kuɗi daidai da shi ba. North Carolina fa? A 2013 ta koma haraji bai ɗaya, 5.8 a 2014, a hankali har 4.5 a 2024, ba ta kife ba, jama'a sai tuɗaɗowa suke.

Baba Akanta: Wannan gaskiya ne, ba zan yi maka musu ba. Sai dai ka faɗi sauran: sun tafi daki-daki, sun toshe wasu rangwame, sun kuma shimfiɗa harajin sayayya a kan ayyuka kamar gyare-gyare. Wato an sauya wa kaya kafaɗa ne.

Direban Tirela: Ni da na koma Texas ma ba haraji ne ya kai ni ba, kuɗin haya ne ya kore ni.

Anti Malama: "A rage gwamnati" daɗin faɗa gare ta. A Kansas kusan rabin babban asusun jiha makarantun firamare da sakandare ke cinyewa, sai Medicaid, kiwon lafiyar marasa ƙarfi, sai jami'o'i da gidajen yari. Zaɓi ɗaya, ƙanena. Wanne za mu fara yankawa?

Ɗan Houston: Rangwamen da ake ba manyan kamfanoni don su zo jiha, da kuɗin gina wa attajirai filayen wasa. Daga nan zan fara.

Anti Malama: A nan kam mun haɗu. Amma haɗa su ka gani ko za su kai abin da Kansas ta rasa. Saura?

Ɗan Houston: Anti, lokacin aiki ya yi. Zan zo da lissafina da dare.