Awa 66 nake yi a mako, shin shi ya jawo min hawan jini?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma bari in fara da halin da nake ciki.

Shekarata 47, akanta ne a wani kamfanin rarraba kaya. Ina shiga ofis ƙarfe 7:30 na safe, ba na tashi sai 6:30 na yamma, kwana shida a mako. Awa 66 ke nan, lissafi ai sana'ata ce. Ban ma sa ƙarshen wata a ciki ba, lokacin rufe littafi, da muke kaiwa ƙarfe 10 na dare. Shekara tara ina haka.

Makon jiya na raka maiɗakina asibiti, sai nas ta ce tunda na zo in miƙo hannu a auna ni. 152 bisa 96. Na huta, ta sake aunawa, bai wani sauka ba. Ta tambaye ni ko ina shan taba, na ce a'a. Akwai mai hawan jini a gidanmu? Na ce mahaifiyata. Sai ta ce awa nawa nake aiki. Da na faɗa mata, ajiye biro ta yi ta dube ni.

Abin da ya ɗaure min kai, ni ba dako nake yi ba, ba na ɗaga abin da ya fi fayil nauyi. A zaune nake wuni. Ta yaya zama gaban kwamfuta zai wahalar da zuciya? Ko dai gado ne kawai? Kuma gaskiya kuɗin ƙarin awannin nan da su nake biya wa yara makaranta.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ma nas ce, na san abin da ya sa 'yar uwata ta ajiye biro.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da wani bincike na haɗin gwiwa. Sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum dubu 745 ne suka rasu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako: dubu 398 shanyewar jiki, dubu 347 zuciya. Kashi 72 cikin 100 maza ne. In aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 35, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17. Kada ka tsorata da lissafin, ba wai 35 cikin kowane mutum 100 za su kamu ba, haɗarin da kake da shi ne yake ƙaruwa da kusan sulusi. Kai kuma ka haye layin da awa 11.

Batun zama, ai nan gizo ke saƙar. Zuciya ba ta san kana kan kujera ba. Abin da ta sani, oga na jira, lissafi ya ƙi daidaita, jiki ya saki sinadaran fargaba, bugu ya ƙaru, jijiyoyin jini suka tsuke. In na minti goma ne ba komai. In kullum ne na shekaru, jinin sai ya saba zama a sama. Sannan ka duba abin da awannin suke cinyewa: barci, tattaki, abinci a kan lokaci. Awa nawa kake barci? Gadon ma yana nan, sai dai aikin yana ƙara masa wuta.

Awo na rana ɗaya ba ya isa a ce kana da hawan jini. Ka koma wata rana a sake, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ka ga likita, a duba har da suga da kitsen jini da ƙoda.

Mai Nema:
Hajiya a yi haƙuri, ni fa ban gamsu ba. Kakanninmu tun asuba suke gona har faɗuwar rana, wa ya ƙirga musu awa? Kuma mai iyali da albashi ba ya isarsa, ka ce ya rage aiki, yunwar ba ta kisa ne?

Maman Sadiq:
Maganarka ta biyu gaskiya ce, ba ni da ja. Ta farkon ce da gyara. Manomi jikinsa na motsi, dare ya yi ya kwanta, kuma aikinsa na da lokacin da yake lafawa a shekara. Malam fa wata goma sha biyu yake a kujera. Kuma ƙirga awa ba sabon abu ba ne, yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1919 a kan wannan ce, awa 8 a rana, 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. A Japan har suna suka raɗa wa mutuwa saboda yawan aiki, karoshi.

Tsohon Direba:
Ƙanena, ni ba ni da alƙaluma, ina da hannun hagu da ba ya riƙe kofi. Shekara 26 na ja babbar mota, barcina a kan sitiyari. An ce min jinina ya hau ina da 50, na sha magani wata biyu, na ji garau, na watsar. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa na raina shi. Ina da 61, na riga na ajiye tuƙi, wata safiya ina magana ɗiyata ta ce Baba bakinka ya karkace. Na ɗauka wasa take. Abin bai zo min ina tsakar aikin ba, sai da na zauna hutawa. In an ba ka magani kada ka bari don ka ji sauƙi. Kuma ka koya wa mutanen gidanka: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti nan take, ba a jira gari ya waye.

Baban Ilham:
Allah Ya ƙara lafiya Baba, jikina ya yi sanyi. Hajiya, barcina awa biyar ne, wani lokaci bai kai ba. Na koma jiya da safe, 148 bisa 94, likita ya rubuta min gwaje-gwaje. Na kuma tunkari oga a kan ya sakar min Asabar biyu a wata. Ya ce in bari a rufe littafin wannan watan tukuna. Ko ya yarda ma, na lissafa, makon da na huta awa 55 zan yi cif.