Ta ina zan fara koya wa ɗaliban zanen gine-gine adana tsofaffin gine-gine a Legas?

Malamin zane, Yaba:

Assalamu alaikum. Ina koyar da zanen gine-gine a wata babbar makaranta a nan Legas, kuma a wannan zangon an ɗora mini darasin adana gine-ginen tarihi da gyara su, ga ɗalibai 'yan aji huɗu. A zaman farko na tambaye su ko wa ya san gidan Ilojo Bar da ke dandalin Tinubu, wanda aka gina a 1855, aka ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, sannan aka rushe shi ranar 11 ga Satumba, 2016, jajiberin Babbar Sallah. Mutum biyu ne kawai suka ɗaga hannu. Abin ya tsaya mini a rai, domin waɗannan yaran ne gobe za a miƙa wa fili a tsakiyar Eko, wato tsibirin Legas, a ce su zana abin da za a gina, kuma idan idonsu bai saba da ganin darajar tsohon bango ba, to da alƙalaminsu za a ƙarasa abin da ya rage. Makonnin da nake da su kaɗan ne. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan fage su ba ni shawara: da tarihi zan fara, ko da doka, ko kuwa da aikin hannu?

Tsohuwar mai zanen gine-gine, Surulere:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka fitar da su daga aji tun a mako na biyu, ka ba kowane rukuni tef ɗin awo da fensir da takarda, ka ce su auna gini ɗaya daga tushe har rufi su zana shi yadda yake a yau, da tsagewarsa da karkacewarsa, kada su gyara komai a kan takarda. Ɗalibin da ya yini yana auna taga ɗaya ba zai ƙara kiranta tsohuwar taga kawai ba, domin zai ga yadda kafinta ya haɗa katakon, da wurin da ruwa yake kwanciya har ya ruɓar da shi.

Wuraren da za ka kai su suna nan kusa da kai. Akwai masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, aikin João Baptista da Costa, ɗaya daga cikin maginan da suka zo da salon ginin Burazil. Akwai gidan da ake kira Water House a titin Kakawa. A unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Ebute Metta kuma akwai gidan Jaekel na 1898, wanda ƙungiyar Legacy ta gyara aka mai da shi ƙaramin gidan tarihi, kuma shi ne ya fi sauƙin shiga da ɗalibai masu yawa. Sai dai ka fara neman izini, musamman a masallaci, ka kuma kauce wa lokutan salla.

Abin da nake so ka daɗe a kansa shi ne batun farar ƙasa da siminti, domin nan ne na ga an fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tsofaffin gidajen Eko da jan bulo mai laushi aka gina su, aka haɗa shi da farar ƙasa da yashi, kuma irin wannan bango yana shan danshi yana sake fitar da shi. Idan aka yaɓe shi da siminti, danshin da yake tasowa daga ƙasa ba ya samun mafita, sai ya yi ta hawa sama da gishirin da ke cikinsa, ya ci bulon daga ciki. Na taɓa shiga wani gida da aka yi wa irin wannan gyara. Daga waje filastar sumul take, amma da na ƙwanƙwasa ta da bayan makulli sai na ji ƙarar kurma, da muka ɓamɓare tafin hannu ɗaya kuwa sai jan gari ya zubo mini a kan takalmi. A gari irin namu, mai ruwan sama da yawa ga iskar teku, ɗalibin da bai fahimci wannan ba zai kashe gini yana zaton ceto shi yake yi.

Ka karanta musu yarjejeniyar da masana suka rattaba wa hannu a birnin Benis na Italiya a 1964, wadda ta nuna cewa gyara yana tsayawa ne a inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara sabo ya kamata a iya bambanta shi da na asali. Amma ka bari sai sun dawo daga awo, sannan maganar za ta shige su.

Magini, Agege:

Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, ɗana ne yake rubuta mini wannan, amma a gidan magina aka haife ni a Zariya kafin neman abinci ya kawo ni Agege. Abin da Hajiya ta faɗa game da siminti gaskiya ne, kuma mu ma haka yake a ginin ƙasa. Roƙona shi ne kada ɗalibanka su tashi da tunanin cewa tarihin gini a bakin teku ya ƙare. Ka ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da tubali da azara, ya ɗaura bakuna masu ɗauke da rufi ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba. Wanda ya samu zuwa Jos zai ga kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke can.

Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nisa mai yawa, shi ya sa ake jera ta ana ɗora wata kan wata har baka ya haɗu a sama. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ana yaɓe da ita don ruwa ya zame. Laso, wato yaɓen da ke hana ruwa shiga, ana haɗa shi da katsin marina da gashin majema da dafara. Duk wannan a hannu na koya wurin mahaifina, kuma ginin ƙasa kowace shekara yake neman a duba shi kafin damina, a gyara indararo, a toshe inda ya tsage. Yau waɗanda suka iya ɗaurin baka sun yi ƙaranci. Idan aka adana ginin aka bar masu sana'ar suka ƙare, wa zai taɓa shi idan ya tsage? Ka gayyaci magini ko kafinta ajinka ko da sau ɗaya ne, ya kwaɓa ƙasa a gabansu su sa hannu. Ni a shirye nake in zo idan an kira ni.

Tsohon ɗalibi, Obalende:

Ina girmama maganar Hajiya da ta Baba, amma ina ganin akwai gefen da ba a taɓo ba. Ilojo Bar ya kasance cikin jerin kayan tarihin ƙasa tsawon shekara 60, hakan bai hana katafila hawa kansa ba. Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa tana aiki ne da dokar 1979, Jihar Legas ma ta yi tata dokar ta adana wuraren tarihi a 2011, sai dai takarda ba ta gyara rufin da yake yoyo. Yawancin waɗannan gidaje na gado ne, magada da yawa, wasu ma ba sa ƙasar, ga kuma mai kuɗi a bakin ƙofa yana son filin don ya gina shaguna. Idan ɗalibi bai iya zama da irin wannan iyali ya nuna musu yadda gidan zai ci gaba da tsayuwa kuma ya kawo musu haya ba, awonsa zai ƙare ne a cikin kabad.

Don haka, Malam, ka kai su Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun zamanin Turawa da mai zanen gine-gine Theo Lawson ya sake tsarawa aka buɗe shi a 2010 a matsayin wurin shaƙatawa da taruka. Su duba abin da aka bari da abin da aka cire, su yi muhawara a kai. Sannan aikin ƙarshen zango ya haɗa da lissafin kuɗin gyara da shawarar abin da za a riƙa yi a cikin ginin.

Malamin zane, Yaba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawarar mu fara da awo a Ebute Metta tunda ya fi kusa da mu, sannan rukuni biyu su tsallaka Eko idan an ba mu izini. Lissafin kuɗi da tattaunawa da masu gida zan sa su cikin makin aikin ƙarshe. Baba, na karɓi tayinka da hannu biyu, zan nemi wuri a bayan ɗakin zane inda za mu kwaɓa ƙasa. Hajiya, saura tambaya ɗaya: a ina ake samun farar ƙasa mai kyau ta gini a Legas yanzu, kuma kwana nawa kike jiƙa ta kafin a fara aiki da ita?