Me ya sa allura ɗaya ke zubar da cikin akuya ta bar na tunkiya?

Ɗan Alaba Rago:
Assalamu alaikum. Likitocinmu, a taimaka da bayani. Allurar nan da ake yi wa dabba don ta nemi barbara, irin su Estrumate da Lutalyse, ana cewa in ta samu akuya mai ciki sai ɓari ko da watanta huɗu, amma tunkiya mai wata uku tana iya riƙe nata. Ina bambancin yake, tunda duk kusan kwana 150 suke yi? Sannan deksametazon, allurar rage kumburin nan da ake zurkuɗa wa dabbobin da aka sauke daga tirela a gajiye, yana taɓa ciki?

Dakta Oko-Oba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ke riƙe ciki sinadari ne mai suna firojestaron. Shi ke kwantar da mahaifa ta daina murɗawa, ya toshe bakinta da majina mai kauri, ya kuma sa bangonta ya tsatso wani ruwa mai kauri kamar madara wanda ɗan tayi ke sha kafin ya manne. A saniya sai wajen kwana 19 zuwa 20 yake fara mannewa, kafin nan da wannan ruwan kaɗai yake rayuwa. In firojestaron ya yi jinkirin tashi bayan barbara, ruwan ya yi kaɗan, tayin ba ya miƙewa yadda ya kamata, sai ya lalace ba wanda ya sani.

Da farko firojestaron yana fitowa ne daga wani ƙullutu mai ruwan ɗorawa da ke tsirowa a jakar ƙwai, daidai inda ƙwan ya fashe. Ana ce masa kofus lutiyum. Mahauta sun san shi, in aka tsaga na saniya za a gan shi rawaya jawur kamar gwaiduwa. Allurar da ka ambata furostagilandin ce, aikinta narkar da wannan ƙullutun.

To ga bambancin. A tunkiya, daga wajen kwana 50 mabiyiya take karɓar aikin, tana yin firojestaron da kanta, don haka ko an narkar da ƙullutun cikin yakan tsaya. Mabiyiyar akuya ba ta yin wanda zai isa, ƙullutun ne madogararta har ranar haihuwa, shi ya sa kowane wata allurar ta same ta, cikin kwana biyu ko uku za ka ga ɓari. Saniya tana tsakiya: kafin kwana 150 allurar na zubar da cikin kusan kullum, bayan nan ba tabbas.

Malam Sani Mile 12:
Allah ya ƙara basira, Dakta. Bari in ƙara wani abu da masu shanu ke tuntuɓe a kai. Mahaifa da kanta tana sakin furostagilandin duk zagaye, ya narkar da ƙullutun, shi ya sa saniya ke dawowa neman bijimi bayan kwana 21. Tayin ne ke hana ta. Wajen kwana 16 a saniya, 12 zuwa 13 a tunkiya, yana fitar da wani sinadari, intaferon tau, wanda ke hana bangon mahaifa jin okzitosin, sinadarin da ke sa ta saki furostagilandin, sai ƙullutun ya tsira. In tayin ya mutu bayan ya aika wannan saƙon, saniyar ba ta dawowa a 21, sai ta kai 30 ko 35. Wanda ya ga haka kada ya yi saurin ɗora wa bijimi laifi, ta ɗauka ne cikin ya lalace. Zafin rana da doguwar tafiya a mota a makonnin farko suna cikin abin da ke jawo shi.

Akwai kuma gwajin jini na gano ciki da ke neman furotin ɗin da mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa. A saniya yana nunawa daga kwana 28, amma in ba ta daɗe da haihuwa ba ragowar na cikin da ya gabata zai yaudare ka, don yakan kai wata biyu ko fiye bai gama fita ba.

Dakta Oko-Oba:
Batun deksametazon kuwa, shi ne ya fi damuna a kasuwanninmu. Haihuwa ɗan cikin ne ke tayar da ita: in ya ƙosa sai ya saki wani sinadari mai suna kotizol, kotizol ya sa mabiyiya ta juya daga yin firojestaron zuwa wani sinadarin, istirojin, furostagilandin ya biyo baya, naƙuda ta tashi. Deksametazon kwaikwayon kotizol ne. Miligiram 20 zuwa 30 a saniya mai tsohon ciki yana sa ta haihu cikin kwana biyu zuwa uku, ko maraƙin ya isa ko bai isa ba. Kuma mabiyiya takan maƙale, saboda ƙulle-ƙullen nan masu kama da maɓalli, 70 zuwa 120, da ke haɗa ta da mahaifa ba su ƙosa sun saki ba. In ta wuce awa 24 ba ta faɗo ba, kada a ja da ƙarfi, kada a ɗaura mata dutse. A yanke abin da ke reto, a auna zafin jikin saniyar safe da yamma, in ya haura digiri 39.5 ko ta bar cin abinci a kira likita.

Hajiya Idi-Araba:
Ranka ya daɗe Dakta, a ja kunnen mata masu kiwo a gida: mai juna biyu da mai asma kada su riƙe kwalbar furostagilandin, yana ratsa fata. Kuma ba kowane ɓari ne na allura ba. Saniyar da ta zubar bayan wata biyar ba a yi mata komai ba, a yi zargin bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari kuma take kama mutum, a sa safar hannu kafin a taɓa mabiyiyar, a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba, madarar kuma sai an tafasa.